Ka Zauna Ko Ka Karɓi Kuɗin Sallama?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, kamfanoni suke ta rage ma'aikata. A shekarar ce kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkokinsa a Najeriya, P&G mai kayan wanki da tsafta kuma ta ce za ta daina sarrafa kaya a nan. Idan manya sun tattara, ina ga ƙanana? Mu a Zariya abin ya fi yi mana ciwo, domin garinmu garin makarantu ne da aikin gwamnati. Wanda ke aiki a banki, ko kamfanin iri, ko na abincin kaji, ko na sadarwa, ya san in ya rasa kujerarsa ba zai tsallaka titi ya sami wata ba. Sai dai Kaduna, ko Kano, ko Abuja, ya bar iyali a baya.

Shi ya sa takardar nan da ake miƙa wa mutum, a ce ya zaɓa, ko ya karɓi kuɗin sallama ya tafi ko ya zauna a rage masa matsayi da albashi, take hana magidanta barci. Ra'ayina a kai ba ɓoyayye ba ne. Idan kamfanin ya fara tangal-tangal, kuma kuɗin a shirye suke za a biya yanzu, ka karɓa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ba don ina raina aiki na faɗi haka ba. Ku tuna masaƙun Kakuri a Kaduna. Masaƙar KTL da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka koma ga Allah ba su karɓa ba, matansu da 'ya'yansu suka gaji zaryar. Ma'aikatan Nigeria Airways har 2018 suna bin haƙƙinsu, a shekarar ce gwamnati ta saki wani kaso na kuɗin, fiye da shekara goma da rufe kamfanin. Waɗannan ba malalata ba ne, mutane ne da suka yi haƙuri har ƙarshe. Kamfani yana iya biyan kuɗin sallama ne lokacin da yake da sauran numfashi. Ranar da aka garƙame ƙofa, ma'aikaci ya koma ɗaya daga cikin masu bin bashi, yana layi da bankuna da 'yan kwangila, kuma su suna da lauyoyi.

To ta yaya za ka gane yana tangal-tangal? Kai ne a ciki, ka fi kowa sani. Albashin da ake biya 25 ga wata ya koma 10 ga watan gaba. An daina kunna janareta da rana. Masu kawo kaya suna zaune a bakin ofishin akanta tun safe. Wanda ya fi duka muhimmanci, kuma mutane ba sa dubawa: ana cire maka kuɗin fansho a takardar albashi, amma in ka nemi bayanin asusunka sai ka ga an yi watanni ba a zuba komai ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai kamfani ya ɗora kashi 10. Wanda ya fara riƙe wannan kuɗi yana biyan wata buƙata da shi, ya riga ya gaya maka halin da yake ciki, ko da bakinsa yana cewa komai lafiya.

Wani ƙanena da ke zaune a Tudun Wada ya zo mini da irin wannan takarda bayan sallar isha'i, ya naɗe ta a aljihun gaba har gumi ya jiƙa gefenta. Ya ce, "Yaya, ni fa kunya nake ji. Me zan ce wa surukaina? In zauna gida mutane su ga ban fita da safe ba?" Na karanta takardar, na lura a duk maganarsa bai ambaci adadin kuɗin ba, bai ambaci lafiyar kamfanin ba. Idon jama'a kawai yake lissafawa. Na ce masa, "Ɗan'uwa, surukanka ba za su biya maka kuɗin makarantar yara ba ranar da aka rufe wurin nan." Wannan kunyar tana cutar da mutanenmu ƙwarai, kuma raina yana ɓaci idan na ga mutumin kirki ya yanke hukuncin rayuwarsa saboda abin da za a ce a majalisa. Rage ma'aikata ba korar laifi ba ce. Ba ka yi sata ba, ba ka ci amana ba.

Amma don Allah kar ka sa hannu a ranar da aka ba ka takardar, ko da an ce sai yau. Ka kai ta gida. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya tare da duba ƙwazo da cancanta, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin da za a biya. Dokar ba ta yanke adadi ba, ba ta kuma shafi manyan ma'aikata masu riƙe da muƙaman gudanarwa ba. Abin da zai tsaya maka shi ne takardar ɗaukarka aiki, da littafin ƙa'idojin kamfani, da yarjejeniyar ƙungiya in kuna da ita. Ka nemo su. Ka tambaya a rubuce: nawa ne, yaushe za a biya, lokaci guda ko kashi-kashi? Garatuti yana ciki ko daban? Kuɗin hutun da ba ka je ba fa? Bashin fanshon da ba a zuba ba fa? Bashin da ka ci a banki kan albashinka, za a zare shi daga ciki? Mutum zai ji an ce miliyan huɗu, alat ya shigo ya ga biyu da 'yan kai. Yawancin takardun nan suna da layin da ke cewa ka yafe duk wani haƙƙi, ba za ka kai ƙara ba. Lauyoyi sun cika Zariya, kuɗin duba takarda bai kai asarar da layi ɗaya zai jawo maka ba. Akwai kuma kotun ma'aikata a Kaduna idan abin ya kai can. In aka ce kashi-kashi za a biya cikin shekara biyu, to wannan alkawari ne kawai, lissafin ya canza.

Sai kuma abin da ke biyo baya, wanda ni na fi jin tsoronsa. Kuɗin sallama suna da ƙamshi. Kafin sati ya zagayo, wanda rabonka da shi tun bikin suna ya zo gaisuwa. Wannan ya ce ka sayi Keke Napep ka ba yaronsa, wancan ya ce ku buɗe shagon POS a Kwangila inda akwai goma a jere, wani ya nuna maka manhaja a waya mai ninka kuɗi a wata guda. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a 2025, hawayen iri ɗaya ne. Ko ajiyar masara da muke ganin ba ta faɗuwa, waɗanda suka saya da tsada a Giwa da Makarfi sun ga yadda farashi ya karye a 2025. Ka raba kuɗin da abin da gidanka ke ci a wata, ka ga wata nawa za su riƙe ka, ka tuna tsadar kaya tana cin su kullum. Ka biya haya da kuɗin makaranta tukuna. Ka zauna da matarka ku yi lissafin tare, ita ta san farashin mudun shinkafa a kasuwar Sabon Gari fiye da kai. Sana'ar da za ka shiga ta zama wadda ka sani, ka fara da kaɗan. Kuma ka sani, in ba ka kai shekara 50 ba, ka yi wata huɗu ba ka sami wani aiki ba, doka ta ba ka damar cire har kashi 25 na abin da ke asusun fanshonka. Ka bar shi sai ta ƙure.

Akwai waɗanda zan ce su zauna. Wanda kamfaninsa lafiya ƙalau yake, sashe ɗaya kawai aka rufe. Wanda saura masa shekara ɗaya ko biyu ya cika wa'adin garatuti mai kauri. Wanda yake da mara lafiya a gida, inshorar ofis ce ke ɗauke masa asibitin Shika. Waɗannan hujjoji ne na gaske, ka yi istihara ka yi shawara ka zauna da zuciya ɗaya. Sai dai ka shirya, aikin mutum uku zai dawo kanka, kuma zagaye na biyu na ragin ba lallai ya zo da tayin da ya kai na farko ba. Ka nemi a rubuta maka cewa shekarunka na baya suna nan a lissafe, kar a mayar da kai sabon ma'aikaci da sunan sauya matsayi. Daga ranar kuma ka fara neman wani wurin, tun kana da albashin da zai kai ka Kaduna ko Kano ganawar neman aiki.