Na'urar dangwale ba ta san mai aiki ba

Wani sabon yayi ya shigo kamfanoni da makarantun kuɗi a Kaduna. A kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, a ɗora wa kwamfuta manhajar da ke ɗaukar hoton allo duk bayan 'yan mintoci, sannan ƙarshen wata a zabge albashin duk wanda ya makara. Wai an samo maganin lalaci.

Na'urar ƙofa lokacin shiga da na fita kawai ta sani. Akawun da ya dangwala ƙarfe 7:55 ya wuni yana latsa waya, a wurinta gwarzo ne. Wanda ya taso daga Rigasa, cunkoso ya riƙe shi, ya iso 8:20 ya gama fayil goma kafin azahar, shi ake yanke wa kuɗi.

Ko zuwan ma ba kullum take ƙirga shi daidai ba. Da hunturu fatar yatsa kan bushe ta tsattsage, sai mutum ya goga yatsa a goshi ya sake gwadawa, layi na tsawo a bayansa. Mai lalle ma haka take fama, shi ya sa JAMB ke gargaɗin ɗalibai a kansa. A ɗauke wuta babu batir, a koma littafin sa hannu, inda aboki ke sa wa aboki.

Manhajar kwamfuta ta fi ban takaici, don motsi take aunawa. Mai karanta yarjejeniya a tsanake, sai ta ce zaman banza yake. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya kori ma'aikata fiye da goma kan motsin madannai na bogi. Aka ce motsi ake so, suka kawo motsi.

Masu cewa ma'aikacinmu sai da bulala, su fara biyan albashi a kan kari tukuna.

Kuma zanen yatsa ba kayan maigida ba ne. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa shi cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Manaja nawa ne zai iya faɗin inda ake ajiye shi, da mai iya buɗewa, da ranar da za a goge na wanda ya bar aiki?

A yanka wa kowa aikinsa ranar Litinin, a duba ranar Juma'a. Sai dai hakan na buƙatar shugaban sashe ya san aikin shi kansa, kuma a nan gizo ke saƙa.