Gambo Sawaba ita kaɗai ta sha dukan

Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Agege shekara goma sha ɗaya ke nan. Abin da har yau nake jinjinawa a Legas shi ne Iyaloja, shugabar matan kasuwa. Duk ɗan takarar da ya san inda ke masa ciwo, sai ya je ya rusuna mata tukuna.

Wannan ƙarfi ba jiya ya fara ba. Alimotu Pelewura mai sayar da kifi ce, ba ta yi boko ba, amma ta haɗa kan matan kasuwannin Legas suka ja daga da Turawa a kan harajin mata da ƙayyade farashin abinci lokacin yaƙin duniya na biyu. Ta rasu a 1951, ƙungiya ba ta mutu da ita ba. Shi ya sa ban yi mamaki ba da Sinatu Ojikutu ta hau kujerar mataimakiyar gwamna a 1992, kuma daga 1999 zuwa yau mata huɗu suka sake zama a kanta. Gwamna mace dai su ma ba su taɓa yi ba.

Mu fa? Wallahi ba jarumta muka rasa ba. Hajiya Gambo Sawaba tun tana yarinya ta shiga NEPU, ta jagoranci matan jam'iyyar, an kore ta daga Kano, an ɗaure ta har sau 16. Ta yi tattaki zuwa Abeokuta don ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, wadda matan garinta suka sa Alake, sarkin garin, ya sauka daga sarauta a 1949. Amma Funmilayo dubban mata ne a bayanta, Gambo kuwa 'yan ƙalilan. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, iyayenmu na gida. Babban zaɓen da suka fara shiga shi ne na 1979.

Matan Arewa suna da sana'a, suna da kuɗi. Ƙuli-ƙuli, ɗinki, kiwo, adashi, duk suna juyawa, sai dai kowacce a tsakar gidanta, ba murya ɗaya. In kuma wata ta fito takara, mu mata muke fara cewa ba ta da kamun kai. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: asibiti guda aka sa wa sunan Gambo a Zariya, amma da yau za ta dawo, da baki za mu gama da ita.

Hadiza Balarabe ta zama mataimakiyar gwamnan Kaduna a 2019, Mama Taraba da Binani ta Adamawa sun girgiza jihohinsu da takarar gwamna. Na ji daɗi ƙwarai, sai dai ɗaiɗaiku ne.

A adashinmu na nan Zango mu arba'in ne. Watan jiya na ce mu tsayar da ɗayanmu kansila. Wata dattijuwa ta ce, "'Yata, mazanmu za su bari?" Na ce, "Inna, mu fara tambayarsu mana." Mata tara sun ce za su tambaya.