Yadda na zama boka a Ceinture Verte ranar Lahadi

Tunda abokina Dogo ya riga ya baza labarin a fada har ya ƙara mashi gishiri da yaji, bari in faɗi nawa da bakina, mai dariya ya yi ta yi.

Kun dai san Mushe, malamin makarantar nan, da shirginsa, tun da ya dawo daga sitaj ɗin nan ba mu huta ba. Wannan karon wasa biyu ya haɗa mana wuri guda, na taswira da busol, wato kamfas in ji mutanen Najeriya, da na neman ɓoyayyen gwangwani da GPS wanda suke ce ma geocaching. Gwangwani huɗu ya ɓoye cikin itatuwan bedi na Ceinture Verte, dajin nan da aka dasa a gefen Yamai. Ukun farko da takarda da busol kawai za ka same su, kowane da guntun lamba a ciki, in ka haɗa guntayen su ba ka lambobin wurin na huɗu, nan ne kaɗai aka yarda ka tambayi waya. Kafin mu tashi sai da ya yi mana lacca har shayi ya huce, wai na busol ɗin sojojin Suwed suka faro shi tun ƙarshen ƙarni na 19, na gwangwanin kuma sai watan Mayu na 2000, lokacin da Amurka ta daina dagula ma farar hula siginar GPS da gangan, kuskuren da kan kai mita 100 ya dawo wajen mita 10, washegari wani bawan Allah a jihar Oregon ya ɓoye baƙin bokiti a daji ya ce a nemo. Ya kuma ce, kuma na ji da kunnena, ba a binne abin, ɓoyewa ake yi, kada wanda ya yi tono. Ku riƙe wannan.

Ni kuwa bakina bai mutu ba, na ce ai na yi sikut tun ina CM2, duk wanda ya faɗo rukunina ya ci banza. Sai aka haɗa ni da Dogo. Busol ɗin Mushe ba su isa kowa ba, na ce ya barshi ina da nawa, alhali daga jikin dardumar da Hajiya ta kawo mani tsarabar Makka na ɓamɓaro shi da wuƙa da asuba.

Takarda ta ce digiri 60, mita 200. Na ɗora busol bisa bayan waya don ya zauna daidai, na sa gaba ina ƙidayar taki da ƙarfi kamar kwamanda, muka yi ta tafiya, muka yi ta tafiya, har muka ɓulla bakin gudron inda wani yaro ke wankin moto. Minti arba'in. Ɗaliban Mushe ƴan mata biyu sun wuce mu sau biyu, a na biyun ne ƙaramar ta tsaya ta ce, "Tonton, ku ɗauke shi daga bisa wayar, akwai maganaɗisu a murfinta." Na ɗaga, allura ta juya kusan rabin zagaye. Na ce mata ai na sani, gwaji nike yi. Dogo ya yi wani tari da ban gane mashi ba.

Ukun dai mun same su da ƙyar, wajen ƙarfe goma sha ɗaya rana ta take, ruwan leda ya ƙare. Na zuba lambobi cikin waya, digiri 13 da ƴan kai arewa, digiri 2 da ƴan kai gabas, kibiya ta ja mu har gindin wata tsohuwar bedi. Waya ta ce saura mita 3. Na matsa, ta ce mita 7. Na koma, ta ce mita 2 amma ta baya. Daga baya ne Mushe ke ce mani ƙarƙashin itatuwa haka take yi, taurarin ɗan adam da ke turo siginar suna can sama da nisan kilomita wajen dubu 20, kuma sai waya ta kama aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta san inda take, in ka zo kusa ka sa ta aljihu ka buɗe ido. To a lokacin wa ya tuna. Na zagaya itacen nan sau bakwai waya a tafin hannu ina gunguni ni kaɗai, sannan na durƙusa na fara tono da tsinke. Rami ɗaya. Rami biyu. Ina cikin na uku gwiwata ta bugi abu cikin kogon saiwa ƙarƙashin busasshen ganye, ashe tun ɗazu bisa kansa nike shawagi. Na zaro gwangwanin madara na ɗaga sama na ce Allahu akbar!

Sai na ji an ce, "Ajiye shi nan."

Wani dattijo ne da sanda da awaki huɗu, bayansa mata biyu ɗauke da itace, da wasu yara da ban san ta inda suka tsiro ba. Na ce Baba ina kwana. Ya ce, "Kwana na Allah ne. Tun ɗazu nike kallonka, sau bakwai ka zagaya. Wa ka binne ma?" Na yi dariya na ce a'a Baba wasa ne. Ya ce, "Wasa. Da furfura a gemunka. Buɗe."

Wallahi da na san abin da ke ciki da gudu na yi. Dokar wasan ita ce in ka samu ka rubuta sunanka a ɗan kaye, in ka ɗauki abu ka bar wani a madadinsa. Ƴan matan nan sun riga mu, sun ɗauke ɗan maƙalin makullin da Mushe ya sa, suka rasa abin bari sai suka tsinko guntun gashin kitso suka ƙulle da jan zare suka jefa. Na buɗe, ga gashi, ga dala biyar, ga takarda da sunayen mata biyu da jan bik, ƙasa kuma lambobi jere. Ɗaya daga cikin matan ta saki itacenta ta ce innalillahi. Dattijo ya miƙa ma wani yaro takardar ya ce karanta, yaro ya karanta, sunan farko irin wanda rabin matan Yamai ke da shi ne, amma tsautsayi sai ya zama sunan ɗiyar Baba, wadda kwana goma ke nan tana gida ta yi yaji.

Na ce Baba ku tsaya in yi bayani, tauraron ɗan adam ne ya nuna mani wurin. Ya ce, "To, har da taurari kake aiki." Na fiddo busol don in nuna mashi, na manta da hoton Ka'aba a jikinsa, ya ce, "Ka ga, har alƙibla ya haɗa." Na ce malaminmu ne ya ɓoye. Ya ce, "Ai dama ba ka yi kama da mai iya wa kansa ba, ina malamin naku yake zaune?" Duk abin da na faɗa sai ya ƙara nutsar da ni, zufa na bin bayana, yara sun kai ashirin, wani har ya hau reshe don ya gani da kyau.

Dogo fa? Nan nike so ku ji. Dogon da na ɗauko bisa motona tun daga Talladje, na sai mashi ruwa, wanda jika biyu na ke hannunsa tun kafin azumi kullum sai ya ce ƙarshen wata, kamar watansa ba ya ƙarewa. Na waiga, yana can tsakiyar jama'a ya harɗe hannu yana girgiza kai. Dattijo ya ce mashi ɗana ka san shi? Ya ce, "Ina dai ganinsa cikin unguwa." Ina dai ganinsa! Mutumin da na yi ma abokin ango, ni na yi ta jigilar kujeru ranar bikinsa har na ɓarke wandon shaddata kuma har yau ko sannu. Wai yanzu cewa yake dabara ce, ya tsaya waje don ya samu damar kiran Mushe. Na duba wayarsa daga baya, bidiyo ne minti shida.

Hukuncin Baba shi ne a karya abin tun bai kama ba. Aka jawo wani ɗan yaro da bai fi shekara biyar ba aka ce ya yi fitsari cikin gwangwanin. Yaro ya ce ba ya ji. Aka aika aka sayo ruwan leda biyu, kuma ni na biya, muka tsaya mu duka cikin rana muna jiran yaro ya sha ya ji. Ban taɓa ganin taron mutane sun yi tsit haka ba.

Ana gamawa sai ga Mushe da ƴan matan. Ya gaida Baba ya yi bayani, bayanin da na yi sak ba ƙari, sai ga Baba yana gyaɗa kai yana cewa, "Af, to ai da ya faɗi haka." Har ya zauna yana ba su labarin yadda aka dasa itatuwan zamanin Shugaba Diori yana yaro. Ni kuma Mushe ya dubi ramukana uku ya ce in cike su kafin forastiye su gani, na cike da hannu.

Ba a sa mu a lissafi ba tunda ba mu rubuta suna ba, kuma ba wanda ya yarda ya taɓa kayen. Busol ɗin yana wurin Baba, ya ce zai riƙa duba gabas da shi in ya fita kiwo, ban iya cewa a'a ba. Hajiya ta tambayi ramin da ke jikin darduma na ce ɓera ne.

Dogo, jika biyu da dala goma yanzu, na sa kuɗin ruwan yaron.