Wai iska kawai take ci

Duk wadda ta ce miki shukar adon nan da ba a sa mata ƙasa, wato Tillandsia, iska kawai take ci, to ba ta taɓa kwana a Sakkwato cikin watan Afrilu ba.

Bara na sayi guda uku a intanet, na jera su cikin kwanon gilashi a falo. Inna ta shigo ta ƙare musu kallo ta ce, "Ɗiyata, wanga haki mi za ki yi da shi?" Dariya na yi. Ba a rufa mako uku ba bakin ganyen ta farko ya bushe ya nannaɗe.

Ita Tillandsia dangin abarba ce, an fi samunta a Meziko da Kudancin Amurka. Saiwarta ta kama reshe ce kurum, ta ganye take shan ruwa. Can tana samun raɓa da laima. Mu nan zafin bazara ya wuce digiri 40, hunturu kuma iskar da ke tsage leɓe ce. Me za ta tsotsa a ciki?

Da na ga haka sai na zaƙe. Na tsoma ta biyu a ruwa, na mayar da ita kwano a tsaye tana ɗiga. Ashe ruwa ya kwanta a tsakiyarta. Gindin ya yi baƙi ya yi laushi, ina jan ganye ɗaya sauran suka biyo shi. Ni a ganina wannan ruɓewar ta fi ƙwari kashe su, amma kowa ƙwari yake zargi.

Ƙwarin ma na gan su a jikin ta uku, farare kamar gutsuren auduga, sun lafe a matse-matsin ganye suna tsotso. Na ware ta, na dangwali sifirit da audugar kunne na bi su ɗaya bayan ɗaya. Don Allah kada ki fesa mata maganin sauro. Kada kuma ki rataye ta da wayar jan ƙarfe, guba ce gare ta.

Yanzu ranar Juma'a nake jiƙa ta minti 20 zuwa 30, in kakkaɓe, in kife ta a kan tawul kusa da fanka har ta bushe sarai. Ruwan burtsatsenmu yana barin fari a buta, shi ya sa na tari ruwan sama jarka biyu da damina saboda ita. Inna ta ga jarkokin, ta girgiza kai ta wuce.