A kawo wa Daura tsohon kan jirgi ko da guda ɗaya ne

Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, hirar mutanen Daura ba ta wuce jirgin fasinja: yaushe zai iso, nawa ne kuɗin zuwa Kano. Ni kuwa hankalina yana kan ƙaramin kan jirgin nan mai amfani da man dizal, wanda ba ya barin harabar tasha ko ta masana'anta. Aikinsa ya ja wannan tarago, ya tura wancan, ya jera su kafin babban kai ya zo ya ɗauka. Ina yaro na sha kallon irin wannan aiki a tashar Funtuwa, lokacin da auduga ke da daraja. Ba ya sauri, amma idan ya tsaya, tasha ta tsaya.

Roƙona shi ne Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura ta nemi ɗaya ko biyu daga cikin tsofaffin nan a wajen Hukumar Jiragen Ƙasa, tun kafin su faɗa hannun 'yan gwangwan a auna su a kan sikeli.

Ba don ado nake faɗa ba. Ɗalibin da zai zama injiniyan jirgi yana bukatar abin da zai kwance da hannunsa, ya ga yadda iska ke kama birki, yadda ƙarfin inji ke isa ga ƙafafu, ya ɓata ya gyara. Ba wanda zai miƙa wa ɗan shekarar farko sabon kai na miliyoyin daloli ya koyi sifana a kansa. Tsohon kuwa ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta a ciki, kuma makanikan manyan motoci da ke Katsina sun san injin dizal kamar yunwar cikinsu. Haɗa su da ɗalibai a rumfa ɗaya ma riba ce.

Za a ce tsohon yayi ne. A Ingila an ƙera irin waɗannan guda 996 samfuri ɗaya tsakanin 1952 da 1962, gudunsu bai kai kilomita 35 a awa ba, kuma har yau wasunsu na aiki a tasoshin kaya, wasu na hannun 'yan sa-kai da ke kula da su.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta faɗin dogo. Tsohon layinmu, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon da zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kuwa 1,435. Gaskiya ne, tsohon kai ba zai taka sabon layi ba. Amma wa ya ce sai ya taka? A shimfiɗa masa mita ɗari biyu ko uku na tsohon dogo a cikin jami'a, a ɗauko shi a kan tirela. Shimfiɗar ma darasi ce.

Abin da nake tsoro kawai shi ne a shafa masa fenti a girke shi a bakin ƙofa don ɗaukar hoto, rana da damina su cinye shi. In za a kawo shi, a kawo shi da rumfa, da kuɗin mai da batir, da tsohon direban reluwe ɗan fansho da zai riƙa tayar da shi duk mako yana nuna wa yara.