Tun daga kwata jirgi yake nutsewa

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau da masu jirgi nake, musamman samarinmu na Mai Wurno da Sinja har zuwa Damazin, a bakin kogin Bahar Azrak na Sudan. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, ni ma ta taɓa ni.

Shekaranjiya bayan asuba ina tsaye a kwata, sai ga samari uku sun turo wani jirgin katako da na san ya fi shekara a kife a ƙarƙashin bishiya, tun lokacin da yaƙi ya sa mutane suka watse. Suka zuba taru, suka ɗora jarkar mai, suka faɗa ciki. Ko tsawon igiya biyu ba su yi ba ruwa ya kai musu idon sawu. Allah ya sa kusa ne, suka dawo suna kwarfa da tafin hannu, don ko ƙoƙon kwarfa ba su ɗauka ba. Kafin hantsi har labari ya zaga cewa wai wurin ne yake da mutanen ɓoye.

Wannan ita ce maganar da take ƙona mini rai. Ba na musun ƙaddara, amma a ce jirgi ya sha ranar bazara guda a tudu, sannan a ɗora wa aljani laifin yoyo? Jiragenmu da katakon bagaruwa ake yin su, wanda Larabawa suke kira sunuɗ. Itace ne mai nauyi da jure ruwa, amma idan ya bushe yakan tsuke, sai tsakanin allo da allo ya buɗe, tsumman da aka cusa ya saki. Iyayenmu sun san wannan. Sukan duba kowace gaɓa, su sake cusa tsumma, su shafe da kwalta, sannan su jiƙa jirgin a bakin ruwa kwana biyu ko uku har katakon ya sha ya kumbura. Sai ya daina tsatsa ake ɗora masa kaya. Kawuna, Allah ya jiƙansa, cewa yake yi: "Ɗana, jirgi ma ƙishirwa yake ji, ka bar shi ya sha kafin ka hau shi."

Masu jirgin faiba da na ƙarfe kada ku yi dariya. Naku matoshin baya ne. Mutum ya cire shi da yamma don ruwa ya tsiyaye, ya jefa a aljihun jallabiya, da safe ya canza riga. Na ga wanda ya toshe ramin da babban yatsan ƙafa har aka jawo shi gaɓa.

Sai maganar gaɓar kanta. Mu da muke zaune a saman madatsar Sinnar, bakin ruwanmu ba ya zama wuri ɗaya. Tun 1925 da aka gama ginin nan, ana tare ruwa bayan damina, ana sakinsa a hankali don gonakin Jazira, ga ta Rusairis a sama da aka ƙara wa tsawo a 2013. Tun 2020 kuma Habasha ta fara cika tata, lissafin da tsofaffi suke yi da wata da tauraro ya soma kuskure musu. Inda ka tura jirgi makon jiya a kan ƙasa mai tauri, yau laka ce. Samanta ya bushe ya tsage, ka ɗauka za ta ɗauke ka, ƙasanta kuwa kunu ne. Kana turawa da ƙarfi, ƙafa ta lume har gwiwa, jirgi ya kufce ya yi gaba. In babu mai riƙe da igiya, sai dai ka tsaya kana kallon arzikinka yana tafiya Sinnar.

Ni haka ta same ni, ba zan ɓoye ba. Ina ɗan shekara sha tara, na ce ba sai na tashi kowa ba. Na tura ni kaɗai, igiya tana naɗe a cikin jirgin. Na fito daga laka babu takalmi ɗaya, na bi gaɓa da gudu ina ihu, sai wani dattijo mai mamari ya tare mini shi can ƙasa. Bai zage ni ba. Ya dai tambaye ni ko ɗan gidan wane ne, da na faɗa, ya ce: "To, ka gaida kawun naka." Gara a ce mari ya yi mini.

Inji kuma ya zo ya ƙara mana girman kai. Yaro ya samu Yamaha, sai ya saukar da farfela tun ruwa bai wuce ƙauri ba, ya ja igiya yana so a ji ƙara. Farfela ta haƙa laka, kafar da injin yake shan ruwan sanyaya kansa ta cushe. Kowa ya san ɗan ruwan nan da yake tsartowa ta baya, wanda muke kira fitsarin inji. In bai fito ba a kashe, amma wa yake waiwaye? A tsakiyar Bahar Azrak injin zai yi zafi ya ɗauke, sai a tuna an bar filafili da gora a gida wai don nauyi. Da gora ake fita daga gaɓa, hancin jirgi yana fuskantar inda ruwa yake fitowa. Ka ba igiyar ruwa haƙarƙari lokacin cika, da kaya a gefe ɗaya, kifewa ba ta jiran ka yi salati.

Taru ma akwai yadda ake shirya shi. A tattara shi a tsakiya, dalma gefe, abin da yake taso da shi saman ruwa gefe, ƙafar mutum nesa da shi. Wanda ya faɗa ruwa da taru a ƙafa, iya iyonsa ba ya amfana masa komai.

Na san abin da za a ce mini: Malam, kai kana magana ne a koshe, mai ya yi tsada, yara suna jiran karfasa da tarwadar da za a sayar kafin a ɗora tukunya. Gaskiya ne, kwana uku na jiƙa jirgi kwana uku ne babu cefane. Rigar da take hana nutsewa ma ba kowa ke da kuɗinta ba. Amma jarka biyu marasa komai, a ɗaure murfi a haɗa su da igiya, nawa za su ci? Yanka tsohuwar jarka a yi abin kwarfa, nawa ne?

Rokona ga dattawan kwata shi ne su dawo da abin da muka taso muka tarar. A da, yaro ba ya tura jirgi sai babba ya leƙa ciki, ya taɓa igiya, ya ɗaga filafili. Yanzu kowa tsoron a ce ya cika sa ido yake yi. Jirgin samarin nan uku yana nan a bakin ruwa, mun cika shi mun danne da duwatsu. Jibi in Allah ya kai mu za mu kwarfe mu gani, kuma na ce musu su zo da tsumma da kwalta.