Yaƙin Tarabulus da abin da Amurka ta yi wa Ahmad Karamanli

Duk lokacin da aka tayar da zancen dangantakar Amurka da ƙasashen Musulmi, akan sami masu komawa kan yaƙin da Amurka ta yi da Tarabulus (a Libiya ta yau) daga 1801 zuwa 1805 suna cewa nan ne gabar addini ta faro. Ban yarda da wannan fahimta ba. Rigimar ta kuɗi ce da hanyar fatauci a Bahar Rum, kuma abin da ya fi damuna a cikinta shi ne halaye biyu da jaririyar jamhuriyar ta fara nunawa tun a lokacin: shugaba ya tura jiragen yaƙi kafin majalisa ta yi magana, sannan a ɗauko ɗan gida a yi amfani da shi, a watsar da shi da zarar buƙata ta biya.

Kafin samun 'yanci, jiragen fataucin Amurka suna yawo ne a ƙarƙashin inuwar Ingila. Da inuwar ta kau, sai 'yan fashin teku na Aljeriya suka kama musu jirage biyu a 1785, suka ƙara kama goma sha ɗaya a 1793, matuƙan kuma suka zama bayi har sai an fanshe su. Wannan ne ya sa majalisa ta amince a 1794 a ƙera jiragen yaƙi shida, amma duk da haka gwamnatin George Washington ta gwammace ta biya, ta ƙulla yarjejeniya da Aljeriya a 1795 wadda ta ci kuɗi kusan dala miliyan ɗaya. Fashin teku zalunci ne, ba na neman masa uzuri. Sai dai mai karatu ya tuna cewa ƙasar da ke kukan an bautar da matuƙanta ɗari da 'yan kai, ƙidayarta ta 1790 ta nuna tana riƙe da bayi baƙar fata kusan 700,000.

Mai cewa addini ne ya haddasa faɗan sai ya yi mana bayanin Maroko, wadda sarkinta Muhammad ɗan Abdullahi ya buɗe wa jiragen Amurka tashoshinsa tun a 1777, aka kuma ƙulla yarjejeniyar abota a 1786 wadda har yau ba a warware ta ba. Sai kuma ya yi bayanin yarjejeniyar da Amurka ta ƙulla da Tarabulus kanta, wadda Majalisar Dattawa ta amince da ita a watan Yuni na 1797 ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, Shugaba John Adams ya sa hannu. Sashe na 11 na kwafin da aka karanta wa majalisar ya bayyana cewa ba a kafa gwamnatin Amurka a kan addinin Kirista ba, kuma ba ta da wata gaba da addinin Musulmi ko dokokinsu.

Abin da ya ɓata yarjejeniyar shi ne Yusuf Karamanli, Basha na Tarabulus, ya ga an fifita Aljeriya a kansa wajen biya, ya nemi ƙari, sabon shugaba Thomas Jefferson ya ƙi. A watan Mayu na 1801 Yusuf ya sa aka sare sandar tutar ofishin jakadancin Amurka, alamar shelar yaƙi ke nan. Jefferson, mutumin da ya yi suna wajen cewa a taƙaita ikon gwamnatin tarayya, ya tura ayarin jiragen yaƙi tun kafin labarin ya iso masa, alhali majalisa ba ta zama, duk da kundin tsarin mulki ya danƙa mata ikon shelar yaƙi. Sai a Fabrairun 1802 ta ba shi izini, kuma har aka gama ba ta taɓa yin cikakkiyar shela ba. A ganina wannan ƙofar da ya buɗe ba ƙarama ba ce.

Yaƙin bai yi wa Amurka daɗi ba. A Oktoban 1803 jirginta Philadelphia ya kafe a bakin tashar Tarabulus, aka kama mutum sama da 300, har sai da hafsan sojan ruwan Amurka Stephen Decatur ya lallaɓa da dare ya banka wa jirgin wuta a Fabrairun 1804, watan da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu. Daga nan aka tuna da Ahmad, yayan Yusuf, wanda Turawa ke kira Hamet, wanda ƙanensa ya ƙwace wa sarauta a 1795 ya kuma riƙe matarsa da 'ya'yansa. William Eaton, tsohon ƙaramin jakadan Amurka a Tunis, ya nemo shi a Masar ya yi masa alkawarin mayar da shi gadon mulki. Suka taso daga kusa da Iskandariyya da mutum kimanin 400, Larabawa da Girkawa 'yan haya, sojojin ruwan Amurka kuwa takwas ne kacal, suka keta hamada wajen kilomita 800 cikin yunwa da ƙishirwa, suka ci garin Darna a ƙarshen Afrilu na 1805.

Nan ne raina yake ɓaci. Suna cikin kare Darna daga rundunar Yusuf, wakilin Amurka Tobias Lear ya sasanta da Basha a watan Yuni, aka biya dala 60,000 aka saki fursunoni. Da dare, a asirce, aka kwashe Eaton da Ahmad da 'yan rakiyarsa zuwa jirgi, aka bar mayaƙan Larabawa da mutanen garin da suka yi mubaya'a suna ihu a bakin teku, ga rundunar Yusuf a bayan gari. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Ƙari a kan haka, Lear ya amince da wani sharaɗi na ɓoye da ya ba Yusuf shekara huɗu kafin ya saki iyalin yayansa, kuma Majalisar Dattawa ta amince da yarjejeniyar a 1806 ba ta san da shi ba. Ana iya cewa Jefferson ya ceci rayukan 'yan ƙasarsa 300, kuma gaskiya ne, amma ba zan kira wannan nasara mai tsabta ba, domin an saye ta da amanar mutanen da ba su da kowa a majalisar Amurka.

Yusuf kuwa ya ci gaba da mulki har 1832. Da ribar teku ta ja baya, sai ya ƙara mayar da hankalinsa kudu, kan Fezzan da hanyar Borno da cinikin bayin da ke bin ta, kuma daga birninsa ne ayarin su Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya taso a 1822, wanda ya kai shi Kano da Sakkwato a 1824.